Wasiƙa: Gwajin ruwa ne ya kamata ya saita agogon fitilar mafaka a tankin murjani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi bayani a kan wata tambaya da ba ta ƙarewa a bakin masu kiwon murjani da kifin teku a tankin gilashi: awa nawa ya kamata fitilar mafaka ta yi a kunne, kuma daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa? Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake ba sabon shiga amsa a dunƙule. A ce masa "awa 12", ko a ce "bar ta dare da rana", ya je ya saita agogo ya manta da shi. Bayan wata biyu murjaninsa ya koɗe, ko ciyawar ta narke, shi kuwa bai san inda gizo ke saƙa ba. Awannin fitilar nan su ne linzamin da ke hannun mai tanki wajen ƙayyade yawan abin da ake kwashewa daga ruwansa, saboda haka ba a aron su daga tankin wani. Gwajin ruwan tankinka ne zai faɗa maka adadinsu.

Ga wanda bai saba ba, mafaka, wadda masu sana'ar ke kira rifujiyom, wani ɗaki ne da ake keɓewa, galibi a cikin tankin ƙasa da ke ɓoye a ƙarƙashin babban tanki. Ruwa ɗaya ne ke zagaya su duka biyun, amma kifi ba ya isa can. A ciki ake shuka ciyawar teku domin ta sha naitiret da fosfet da ke fitowa daga abinci da kashin kifi, sannan a riƙa yanke ta ana zubarwa. A nan ne kuma ƙananan ƙwarin ruwa irin su kofifod da amfifod ke hayayyafa ba tare da an cinye su ba. Ciyawar da aka fi amfani da ita ita ce Chaetomorpha, wani koren zare mai tauri da ke cuɗewa ya zama dunƙule kamar soson ƙarfe na wanke tukunya. Ba ta manne wa dutse, ba ta reshe, kuma kowane zare jerin ƙwayoyin halitta ne ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin da ya sa lokacin kunnawa ke da muhimmanci yana cikin abin da ke faruwa a babban tanki da dare. Da rana, ƙananan tsirran da ke zaune cikin naman murjani da duk gansakukar da ke kan dutse suna shan iskar kabon dayoksaid suna fitar da oksijin. Da zarar an kashe fitila wannan aiki ya tsaya, amma numfashi bai tsaya ba: kifi, murjani, ƙwayoyin bakteriya, har da tsirran kansu, kowa na shan oksijin yana fitar da kabon dayoksaid. Iskar nan idan ta narke a ruwa tana ƙara masa tsami, sai pH, wato ma'aunin da ke raguwa idan tsamin ruwa ya ƙaru, ya yi ta sauka har wayewar gari. Ruwan teku yana wajen 8.1, kuma tankin murjani na zaune lafiya tsakanin 7.8 da 8.4. Saukar 0.1 zuwa 0.2 da dare ba abin tayar da hankali ba ne. Amma kada ƙanƙantar lambar ta ruɗi kowa, domin saukar 0.3 kaɗai na nufin tsamin ruwan ya ninka biyu, kuma murjani mai dutse ya fi shan wuya wajen gina ƙashinsa a irin wannan ruwa. Ga batun oksijin kuma: ruwan gishiri mai ɗumin digiri 25 ba ya riƙe fiye da kimanin miligiram 6.7 a lita, alhali ruwan daɗi a wannan ɗumi yana riƙe fiye da 8. Tanki mai cunkoson kifi ba shi da rarar da zai kwana da ita.

Maganin ya daɗe da samuwa. Tun farkon shekarun 1980 Walter Adey na cibiyar Smithsonian da ke Washinton a Amurka yake tace ruwan tankunan murjani da gansakukar da ake shukawa a kan faranti, ana haska ta da dare lokacin da babban tankin ke cikin duhu. Wannan dabarar ce ake bi a mafaka: idan sama ta yi duhu, ƙasa ta yi haske, ta yadda kullum akwai tsiron da ke shan kabon dayoksaid a wani sashe na ruwan. Akwai ƙarin riba guda da ba a cika ambata ba, wato zafin fitilar mafaka yana zuwa ne lokacin da zafin babbar fitila ya tafi, don haka ɗumin ruwan ba ya hawa da sauka sosai.

Bari mu ɗauki misali a aikace. Tanki mai lita 300, da mafaka mai lita 40. Babbar fitila tana kamawa ƙarfe 11 na safe, tana mutuwa ƙarfe 9 na dare, kuma irin ta LED ce da ke ɗaukar awa guda tana ƙara haske a farko, awa guda tana ragewa a ƙarshe. Mafi yawan mutane za su ce a kunna mafaka ƙarfe 9 na dare a ƙirga awanni daga nan. Mu shawararmu ita ce a kafa ƙusa a ƙarshen lokacin, a riƙa ƙirgawa baya. Dalili kuwa, pH ya fi yin ƙasa dab da kamawar babbar fitila, kuma awar farko ta hasken LED mai rauni ba ta isa ta ɗaga shi ba. Saboda haka fitilar mafaka ta mutu ƙarfe 12 na rana, awa guda bayan babbar ta fara. A makon farko a ba ta awa 8, wato daga ƙarfe 4 na asuba zuwa 12 na rana. Duk mako a ƙara awa ɗaya ta gaba: ƙarfe 3, ƙarfe 2, ƙarfe 1, har a kai 12 na dare zuwa 12 na rana a mako na biyar. A nan a dakata a saurari abin da ruwan zai ce. Idan buƙata ta kama a ci gaba, iyakar da muke ganin ta dace ita ce awa 16, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 12 na rana, wanda ya rufe dukkan duhun babban tanki kuma ya bar wa ciyawar hutun awa 8.

Me ya sa ba za a fara da awa 12 kai tsaye ba? Ciyawar da aka kawo ta kwana a leda cikin duhu, kuma ta taso ne a ƙarƙashin wata fitilar da ba taka ba. Idan aka buga mata haske mai ƙarfi na dogon lokaci a ranar farko, zaren da ke sama yana fari ya karye, ya ruɓe, ya mayar wa ruwa abin da ya sha. Haka nan sabon tanki da bai gama girka bakteriyarsa ba, wanda gwaji bai fara nuna naitiret a cikinsa ba, bai kamata a sa masa ciyawa ba tukuna. Babu abin da za ta ci, kuma hasken zai amfani gansakuka mai launin ƙasa ce kawai.

Awanni kaɗai ba su da ma'ana sai an haɗa su da ƙarfin fitila. Ana auna hasken da tsiro ke amfani da shi, wato mai tsawon zango tsakanin nanomita 400 da 700, da ma'aunin da ake kira PAR. Lissafin abin da ciyawa ta samu a yini mai sauƙi ne: ƙarfin haske sau daƙiƙoƙin da ya yi a kunne. PAR 200 na awa 12, da PAR 150 na awa 16, da PAR 100 na awa 24, duk suna ba da adadi ɗaya, kimanin mol 8.6 (ma'aunin yawan ƙwayoyin haske) a kowace murabba'in mita. Wannan ya sa mutum biyu za su iya rantsuwa a kan jadawali biyu mabambanta kuma kowa na da gaskiya, domin fitilunsu ba ɗaya ba ne. Sai dai akwai iyaka. Tsiro yana ƙoshi da haske, kuma idan ya ƙoshi, ninka ƙarfin fitila ba ya ninka girma, ƙona saman dunƙulen kawai yake yi. Ga Chaetomorpha, PAR 100 zuwa 200 a saman ciyawar ya wadatar da mafi yawan tankuna. A ɗaki mai faɗin santimita 30 da tsawon 30, fitilar LED ta shuka mai wat 10 zuwa 20 da aka rataye santimita 20 zuwa 30 sama da ruwa za ta kai wajen nan. Launin haske kuma, koren sinadarin ganye ya fi shan ja na wajen nanomita 660 da shuɗi na wajen 450, shi ya sa fitilun mafaka ke yin jaja-jaja. Farin ƙwan fitila mai Kelbin (ma'aunin launin haske) 5000 zuwa 6500 shi ma yana aiki, kuma yana da fa'idar nuna maka ainihin launin ciyawar. A kula da na'urar awo: manhajar waya da mitar lus, wato mitar auna hasken ɗaki, an gina su ne a kan idon ɗan Adam, wanda ya fi ganin kore, don haka za su nuna maka fitila ja da shuɗi kamar mai rauni alhali tana da ƙarfi. Wanda ya yarda da su zai sauko da fitilar ya ƙona ciyawarsa.

Yanzu ga inda aikin yake. A gwada naitiret da fosfet sau biyu a mako, a lokaci ɗaya na yini, kafin a ba kifi abinci, a rubuta. Abin da ake nema a tankin murjani shi ne naitiret tsakanin 2 da 10 ppm, wato miligiram a lita, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1. Gwajin fosfet na kwatanta launi da ido ba ya iya bambance 0.02 da 0.08, gara na'urar lantarki mai karanta launin. Wasu daga cikinsu suna ba da amsa ne a ppb, wato kashi cikin biliyan, na fosfaras, sai a ninka lambar da 3.066 a raba da 1000 a samu fosfet: karatun 20 ya zama 0.06. Mutane da yawa sun rikita tankinsu saboda rashin wannan ɗan lissafi.

Idan duka biyun suna sama da iyaka, ciyawar kuma kore ce shar tana ƙaruwa, a ƙara awa ɗaya a jira mako biyu. Jiran nan dole ne, musamman ga fosfet, domin dutse da yashin murjani suna riƙe shi a jikinsu, kuma duk lokacin da na cikin ruwa ya ragu sai su sako nasu. Kana iya ganin lambar ta kafe makonni alhali ciyawar na aiki sosai, ranar da ajiyar dutsen ta ƙare kuma ta faɗo lokaci guda. Wanda ya yi ta ƙara awanni a kwanakin kafewar shi ne zai wayi gari da sifili.

Sifilin nan shi ne haɗarin da muke son masu karatu su fi tsoro, don ya fi yawan naitiret saurin ɓarna. Murjani yana buƙatar naitirojin da fosfaras kamar kowane mai rai. Idan mafaka ta share su, launinsa ya dusashe, namansa ya yi siriri, wasu su fara saɓulewa daga tushe ko daga tsini, musamman idan alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na danne tsami, ya haura 9 a ma'auninsa na dKH. Bayan haka sai dainofilajelet su shigo, wato wani yauƙi mai launin ƙasa da ƙananan kumfa a jikinsa, da ke rufe yashi da rana ya ragu da dare. Wasu nau'o'insa, irin su Ostreopsis, suna da dafin da ke kashe dodon koɗi, kuma korarsu aikin watanni ne. Garin gyaran gira ke nan an rasa ido. Don haka da zarar naitiret ya sauka ƙasa da 2 ko fosfet ƙasa da 0.03, a rage awa biyu a ranar, kada a jira ganin alama a jikin murjani. Idan bayan mako guda bai ɗago ba a sake rage biyu. Babu abin kunya a mafakar da ke kunne awa 6 kacal. Tanki mai kifi kaɗan abin da yake buƙata ke nan. A nan ne amfanin kafa ƙusa a ƙarshen lokaci ke ƙara fitowa, domin komai ƙarancin awannin, suna faɗawa ne a sa'ar da ruwan ya fi buƙatarsu.

Akwai kuma halin da ɗaya ya ƙare ɗaya ya yi yawa, kuma a nan ƙara haske ɓata lamari yake yi. Binciken da masana Atkinson da Smith suka wallafa a 1983 ya nuna cewa tsirran ƙasan teku suna ɗauke da kimanin ƙwayar naitirojin 30 ga kowace ƙwayar fosfaras guda. Idan aka mayar da wannan zuwa nauyi, ciyawar na shan naitiret wajen kashi 20 kafin ta sha fosfet kashi ɗaya. Tankin da fosfet ɗinsa yake 0.3 amma naitiret sifili, ciyawarsa ta tsaya ne don yunwar naitirojin, kuma ko an ba ta awa 20 ba za ta taɓa fosfet ɗin ba, sai dai ta narke. Maganinsa a ƙara ciyar da kifi ko a ɗiga naitiret kaɗan-kaɗan har ya kai 5. Idan kuma naitiret ne ya kai 30 fosfet ba ya karantuwa, a duba ko akwai garin ƙarfe mai shanye fosfet a cikin matata, a cire shi. Haka idan ana ɗiga wa tankin finiga ko makamancinta don ciyar da bakteriya, to ana gasa ne da mafakar a kan abinci guda, sai a zaɓi wanda za a rage.

Idan duka biyun suna da yawa amma ciyawar ta ƙi girma, kada a taɓa agogo sai an ɗaga dunƙulen an duba. A fito da shi a hannu a juya. Sau da yawa za ka tarar saman santimita uku zuwa biyar kore ne mai tauri, ƙasan kuwa ya yi laushi, ya yi ruwan ƙasa, datti ya cika tsakanin zaren, yana ɗan wari. Ciyawar ta yi wa kanta inuwa ke nan, kuma abin da ƙasa ke saki yana cinye ribar abin da sama ke sha. Yawan abin da mafaka ke kwashewa ya dogara ne a kan faɗin wurin da haske ke taɓawa, don haka dunƙule mai kauri bai fi shimfiɗa mai faɗi aiki ba. A yanke kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi duk mako ɗaya ko biyu, a girgiza abin da aka yanke a cikin ruwan mafakar domin ƙwarin su koma, a warware sauran a juya shi. Ƙaramin famfo da zai riƙa mirgina dunƙulen yana magance wannan gaba ɗaya, yana kuma hana jan yauƙin bakteriyar sayano da ke son ruwa mai kwanciya. Mai son sanin gaskiyar aikin mafakarsa ya matse abin da ya yanke ya auna a sikeli ya rubuta. Wannan lambar ta fi kallon ido gaskiya.

In an gyara inuwa da gudun ruwa amma zaren yana fitowa fari-fari ko rawaya, yana karyewa a hannu, to a zargi ƙarancin sinadarin ayon, wato ƙarfe. Ciyawa mai saurin girma tana ƙarar da shi da manganis a ruwan da aka daɗe ba a canja ba, kuma dogayen awanni suna gaggauta hakan. Canjin ruwa na kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ko ɗigon ayon da aka haɗa domin tankin teku bisa adadin da ke jikin kwalba, yakan dawo da koren cikin kwanaki kaɗan.

Sai batun barin fitila dare da rana. Wannan al'ada ta samo asali ne daga tsarin wani mai sana'ar, Leng Sy, na shekarun 1990, inda ake shuka wata ciyawar teku mai suna Caulerpa a kan laka ana haska ta awa 24. Caulerpa daban take da Chaetomorpha. Duk tsawonta da ganyenta ƙwayar halitta ce guda ɗaya, kuma idan lokacin hayayyafarta ya yi, dukkan abin da ke cikinta yana juyewa ya zama ƙwayoyin haihuwa ya fito, ya bar farar fata. Masanin halittun teku Kenneth Clifton ya wallafa a 1997 cewa a tekun Karibiyan ciyayin wannan dangi suna sakin ƙwayoyin ne da sassafe, kowane nau'i da nasa lokacin dangane da fitowar rana. A tanki abin da ake gani shi ne ruwa ya yi gurɓi kore ko fari cikin mintuna, oksijin ya faɗi, duk abin da ciyawar ta sha na watanni ya koma ruwa. Ana barin fitila a kunne ne da fatan rashin alfijir zai hana ta. Yana iya ragewa, amma masu kiwo sun sha ganin ta yi hakan duk da hasken awa 24, don haka ba abin dogaro ba ne. Mai Caulerpa ya riƙa rage ta a kai a kai, yana zaro dogayen jijiyoyi ɗungurungum maimakon yayyanka su, kuma da ya ga ganye ya yi ɗige-ɗigen fari ko zane kamar raga ya cire shi nan take. Idan ta riga ta fashe, a kwashe farar fatar, a sa gawayin tace ruwa, a ƙara iska, a canja kashi 20 zuwa 30 na ruwan. Kuma ko da wasa kada a zubar da ita a magudanar ruwa ko gaɓar teku. Nau'in Caulerpa taxifolia na tankunan kifi da aka gani a gaɓar Monako a 1984 ya mamaye wurare masu faɗi a Bahar Rum, ya kuma ɓulla a Kalifoniya a 2000, abin da ya sa jihar ta haramta nau'o'i tara na Caulerpa a 2001. A daskarar da abin da aka yanke a firiza, a ɗaure a leda, a jefa a shara.

Ga Chaetomorpha ba mu ga dalilin awa 24 ba. Ba ta yin irin wannan fashewa, kuma haske marar yankewa yana ɗaga pH na rana da na dare ne tare, ya bar tazarar da ke tsakaninsu yadda take. Ga ninka wutar da ake ci, ga ƙarin zafi da ƙafewar ruwa, ga kuma cewa wanda ya riga ya kai 24 ba shi da sauran awar da zai ƙara ranar da ya ƙara kifi. Ƙwarin ruwan su ma sun fi fitowa kiwo a duhu.

Sauran ciyayin kowa da kiwon da ya karɓe shi. Gracilaria ja ce, tana da sinadarin da ke shan koren haske, don haka farar fitila mai matsakaicin ƙarfi ta fi dacewa da ita, kuma idan ta koma ruwan lemo ko rawaya haske ya yi mata yawa. Ulva tana son haske mai ƙarfi, tana girma da sauri, amma tana yagewa ta toshe bakin famfo. Halimeda tana cin kalsiyom da alkaliniti kamar murjani, kuma idan ka gan ta fari bayan an kashe fitila kada ka cire ta, ɗabi'arta ce ta janye korenta ciki da dare.

Dole mu faɗi iyakar abin da mafaka za ta iya game da pH, don kada a ɗora mata laifin da ba nata ba. Ɗan dunƙulen ciyawa a lita 10 ba zai rinjayi numfashin tanki mai lita 500 ba. Shi ya sa ake ba da shawarar mafaka ta kai kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na babban tanki. A auna pH sau biyu, dab da kamawar babbar fitila da dab da mutuwarta, da sandar awo da aka daidaita a ruwan gwaji na 7 da na 10. Idan duka biyun suna ƙasa, misali 7.7 da 7.9, matsalar tana iskar ɗakin ne. Iskar waje na ɗauke da kabon dayoksaid wajen kashi 420 cikin miliyan, ta ɗakin da ke rufe da mutane a ciki kuwa tana iya haura 1000, kuma injin kumfa mai kwashe datti yana dura ta cikin ruwa dare da rana. Gwajinsa: a ɗebi kofin ruwan tanki a busa masa iska da ƙaramin famfo awa guda a waje, a sake aunawa. Idan pH ya tashi, a jawo wa injin kumfa bututun iska daga waje ko a buɗe taga, ba awannin fitila za a ƙara ba. Wanda ke da injin narkar da kalsiyom, mai aiki da iskar kabon dayoksaid, ya sa bakin fitarsa ya zuba a mafaka, ciyawar za ta sha ragowar iskar da ke fitowa da shi. Idan kuma pH na dare ya gyaru, a sa ido a kan alkaliniti, domin murjani zai ƙara saurin gina ƙashi, ya ƙara ci, abin da ake ɗiga masa a da ya daina isa.

Hasken da ke tsallakewa zuwa sauran ɗakunan tankin ƙasa yana jawo ɓarnar da ke zuwa a hankali. Gansakuka na fitowa a cikin jikin injin kumfa ta rage masa aiki, ta lulluɓe kan sandar pH ta sa ta riƙa ba da karatun ƙarya duk lokacin da fitila ta kama, ta kuma rufe idon na'urar da ke cika ruwan da ya ƙafe, wadda idan ta rikice za ta iya malalo ruwan daɗi ta sauke gishirin ruwan zuwa ƙasa da kashi 35 cikin dubu da ake so. A manna baƙin faifan roba a bangon da ke raba ɗakunan, ya ɗan haura saman ruwa, a karkata fitilar ta kalli ciyawa kawai. Idan hasken na ɓullowa ta bayan kabad yana haska babban tanki, a toshe, kifi da murjani na buƙatar duhunsu. Gilashin fitilar a goge shi da tsumma mai ɗanshin ruwan daɗi duk mako biyu bayan an cire ta daga wuta, don ɓawon gishiri yana rage hasken sannu a hankali har mutum ya ɗauka awanni ne suka gaza.

Ita kanta fitilar ta kasance wadda aka ƙera don wuri mai laima, mai lambar IP65 ko sama, a ɗaure ta ɗauri biyu yadda ko maƙalarta ta saki ba za ta faɗa ruwa ba. Wayar ta sauko ƙasa da soket kafin ta hau zuwa gare shi, domin ɗigon da ya biyo ta ya zuba a ƙasa, kuma layin ya bi ta na'urar da ke katse wuta idan ta yi yoyo. Agogon kunnawa da kashewa mai juyawa yana tsayawa idan wuta ta ɗauke, ya ci gaba daga inda ya tsaya idan ta dawo, ta haka jadawalin dare ke zamewa ya koma na rana ba tare da kowa ya lura ba. A sayi na lantarki mai batirin ajiya, a kuma duba lokacinsa bayan kowace ɗaukewar wuta. Idan ɗaukewar ta yi tsawo famfo ya tsaya awanni, a shinshina ruwan mafakar kafin a tayar da shi. In yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, a kwashe shi a zubar, a cika da sabon ruwan gishiri, kada a bari ya hau wurin kifi.

Mun gode da filin da ka ba mu, Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu kiwon murjani da kifin teku